Kafin A Sayar Da Fili A Tura Yaro Koyon Jamusanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu aron fili mu yi magana da iyaye da ɗalibai a kan tafiya Jamus domin koyon Jamusanci a jami'a, da niyyar daga nan a zarce karatun digiri. Abin da ke jan hankalin jama'a ba ɓoyayye ba ne: galibin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yar gudummawar da ake biya a farkon kowane zango. Wannan gaskiya ne, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munik ma ta fara karɓar nata a 2024. Abin da dillalan biza ba sa faɗa shi ne, shekarar koyon harshe ita ce mafi cin kuɗi a duk tafiyar, kuma a cikinta aka fi tafka asara. Shawararmu guda ce: kada yaro ya bar gida bai kai matakin B1 na iya Jamusanci ba, kada kuma ya tafi bai san ƙofar da takardunsa suka buɗe masa ba.

Mu fara da lissafi. A Turai ana auna iya harshe da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai A1 zai yi gaisuwa, ya faɗi sunansa, ya sayi burodi. Mai B1 zai je wurin likita ya bayyana ciwonsa, ya kuma gane wasiƙar da mai gidan haya ya aiko masa. Zama a lacca ana rubuta abin da farfesa ke faɗa kuwa sai mai C1. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, ta ƙiyasta cewa sai an yi darasi 350 zuwa 650, kowanne na minti 45, kafin a kai B1, sannan 800 zuwa 1,000 kafin a kai C1. Kwas na ba-ji-ba-gani yakan ba da darasi 20 zuwa 25 a mako, kowane mataki kuma yakan ci kusan wata biyu. Ke nan wanda ya sauka bai san ko ɗigo ba sai ya kwashe wata shida kafin ya taɓo B1, in har bai maimaita ko mataki ɗaya ba. A ma'aunin da gwamnatin Jamus ta sa tun Satumba 2024, ɗalibi na bukatar Yuro 992 a wata. Wata shida ya kama Yuro 5,952, ban da kuɗin kwas. An zubar da wannan dukiya ne a kan abin da yaro zai iya koya yana cin tuwon gidansu.

Hanyoyin koyo a gida suna nan. Akwai cibiyar Goethe a Legas tun 1962, akwai kuma a Akra da Yawunde. Jami'o'in Ibadan da Ile-Ife da Nsukka suna koyar da Jamusanci. Tashar DW, wadda masu sauraronta na Hausa suka sani tun 1963, tana da darussa kyauta a intanet daga A1 har B1, da labaran duniya da ake karantawa a hankali domin 'yan koyo. Wanda Legas ta yi masa nisa ya yi karatunsa ta intanet, ya je can ranar jarrabawa kawai. Amma a kula: takardar da ke cewa wane ya halarci aji daban take da takardar cin jarrabawa. Wadda ke da nauyi a ofishin jakadanci da jami'a ita ce ta Goethe, ko telc, ko ÖSD ta ƙasar Ostiriya.

Yanzu ga inda aka fi ruɗa mutane. Abin da ake kira kwas ɗin Jamusanci a jami'a iri uku ne, kuma kowanne da bizarsa.

Na farko kwas ne na hutun bazara, mako uku zuwa huɗu, galibi a Yuli ko Agusta. Jami'ar Heidelberg, wadda ta fi kowace jami'a daɗewa a Jamus tun da an kafa ta a 1386, tana gudanar da irinsa duk shekara, wasu da dama ma haka. Hukumar musayar ɗalibai ta DAAD tana ba da tallafin halartarsa ga ɗaliban jami'a da suka riga suka iya wani abu, ana kuma rufe nema wajen ƙarshen shekarar da ta gabata. Kwas ne mai amfani ga mai son goge bakinsa ya ga ƙasar da idonsa. Sai dai da bizar Shengen, wato bizar gajeriyar ziyara ta kwana 90, ake zuwa, ita kuwa ba a mayar da ita izinin zama. Duk wanda ya ce maka ka shiga da ita daga baya a gyara, ya yaudare ka.

Na biyu kwas ne na harshe zalla, ƙarƙashin sashe na 16f na dokar zaman baƙi. Sharaɗinsa darasi 18 a mako ko fiye, iyakarsa wata 12, kuɗin da za a nuna kuma ya ɗara na ɗalibi da kashi 10 cikin 100. Ba ya ɗauke da alkawarin gurbi a kowace jami'a.

Na uku shi ne wanda mai niyyar digiri yake bukata: kwas na share fagen karatu, ƙarƙashin sashe na 16b. A nan jami'a takan ba da gurbi bisa sharaɗi, wato ta amince da takardunka, saura ka kawo shaidar harshe. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mutum a ajin share fagen sai yana da B1, wasu ma B2. Duk share fagen nan kuma, harshe da komai da komai, ba a so ya wuce shekara biyu. Wanda ya ɓatar da wata takwas a matakan farko, ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, zai tarar wa'adi ya ƙure masa, ofishin baƙi kuma na tambayar ina aka kwana.

Kafin a biya kowa ko sisi, a buɗe rumbun bayanai na anabin, inda hukumomin ilimi na Jamus suka jera darajar takardun kowace ƙasa. Shi zai nuna ko sakamakon WAEC ko NECO ko bakaloriya zai kai mutum jami'a kai tsaye, ko sai ya bi ta Studienkolleg, ko kuwa sai ya fara yin wani abu a jami'ar gida. Studienkolleg makarantar share fage ce ta zango biyu, an kasa ta bisa fanni: ajin T na injiniya da lissafi, ajin M na likitanci da ilimin halittu, ajin W na tattalin arziki, ajin G da S na adabi da tarihi da harsuna. Da jarrabawa ake shiga, gurabe kuma kaɗan ne. Ana fita da jarrabawar Feststellungsprüfung, wadda sau ɗaya tak ake yarda a maimaita. Wanda ya bi ajin W ba zai dawo ya nemi likitanci ba, don haka a zaɓi fanni da idon basira tun daga gida.

Jami'o'i da yawa suna karɓar takardun baƙi ne ta ofishin uni-assist da ke Balin: Yuro 75 na neman farko, Yuro 30 na kowane ƙari a zango guda. Abin da ya fi jawo jinkiri ba wani babban abu ba ne. Suna ne. Fasfo ya ce Muhammad, takardar sakandare ta ce Mohammed, ta haihuwa kuma ta sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardu biyu. Ma'aikacin da ke duba fayil ba ya yin hasashe, ajiyewa yake yi ya nemi bayani, wa'adi kuwa yana tafiya. A daidaita wannan tun kafin a fara. A kuma tanadi katin duba sakamako na WAEC ko NECO wanda ba a ƙarar da shi ba, domin da shi ake tantancewa.

Batun kuɗi kuma, hanyar da aka fi bi ita ce asusun kulle, wanda ake zuba Yuro 11,904 na shekara guda, banki ya riƙa sakin 992 duk wata, ba ƙari ko da an shiga matsi. Adadin yana canzawa, a duba shafin ofishin jakadanci kafin a tura. Kuɗin biza Yuro 75 ne, layin samun ranar ganawa kuma yakan yi tsawo ƙwarai, saboda haka a shiga layi da wuri. Akwai abin da ba a cika sani ba: ɗan ajin harshe da ɗan Studienkolleg galibi ba sa samun inshorar lafiya ta gwamnati mai rangwamen ɗalibai, sai ta kamfani mai zaman kansa. A karanta sharuɗɗanta da kyau, domin masu arha sukan cire ciwon da mutum ya zo da shi daga gida. Tun Maris 2024 doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara ko rabin yini 280, mai bizar harshe zalla kuma awa 20 a mako. Muna roƙon iyaye kada su gina lissafinsu a kan wannan. Yaron da ya kwana yana ɗaukar kwali a sito ba zai fahimci darasin ƙarfe tara na safe ba, kuma aikin da ake samu ba tare da harshe ba shi ne wanda ba a magana a cikinsa.

Masauki shi ne ciwon kai na farko bayan sauka. A nemi ɗaki a gidajen ɗalibai na Studierendenwerk, hukumar kula da walwalar ɗalibai, tun ranar da gurbi ya fito. Kada a tura wa kowa kuɗin ajiya a kan ɗakin da hotonsa kawai aka gani. Doka ma ba ta yarda kuɗin ajiya ya wuce hayar wata uku ba. Cikin kwana 14 da tarewa dole a yi rajistar adireshi a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gida. In babu wannan rajista, lambar haraji da izinin zama duk sun tsaya. A nemi izinin zama kafin biza ta ƙare, ba bayan ta ƙare ba. Ƙananan garuruwa sun fi Munik da Balin sauƙin haya nesa ba kusa ba, kuma a can ne mai kanti ba zai juya maka zuwa Turanci ba da zarar ka yi tuntuɓen harshe.

Wannan ya kawo mu ga harshen kansa, wanda shi ne dalilin tafiyar. Bahaushe yana da abubuwan da ke taimaka masa, bai kamata ya raina su ba. Mun saba bambanta dogon wasali da gajere, Jamusanci ma haka yake: Staat ƙasa ce, Stadt birni, bambancin tsawon wasali ne kawai. Harafin z ana furta shi kusa da ts namu, sai dai ba a matse maƙogwaro. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san sautin ch na Buch, domin shi ne kha na Larabci, r ɗin yawancin Jamusawa kuma tana kusa da gain. Ƙidaya ma tsarin Larabci take bi, ana fara faɗin ɗaya kafin ashirin: einundzwanzig. Wanda ya karanta nahawun Larabci ya san li'irabi, ba zai firgita ba idan aka ce masa der, kalmar da ke zuwa gaban suna namiji, yana komawa den ko dem ko des gwargwadon aikin suna a jimla.

Inda muke shan wuya kuma sananne ne. Na ɗaya p da f, waɗanda bakinmu ke haɗawa: Pass fasfo ne, Fass ganga. A riƙe 'yar takarda a gaban baki. In an furta p daidai za ta motsa da bugu guda, f kuwa sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Na biyu cunkoson baƙaƙe, irin Herbst ko sprichst, inda harshenmu ke son cusa wasali a tsakani. Maganinsa a fara daga ƙarshen kalma ana ƙara baƙi ɗaya-ɗaya, a naɗi murya a waya a saurara. Na uku ü da ö: a ce i, a bar harshe inda yake, a tattara leɓe kamar za a ce u, sai ü ya fito, haka za a yi daga e zuwa ö.

Jinsi uku ne, der da die da das, kuma ba ya bin hankali, tun da yarinya ma das Mädchen ce. Kada a taɓa haddace suna shi kaɗai. A rubuta shi da jinsinsa da jam'insa a kati guda, der Tisch, die Tische (tebur, tebura), tamkar yadda baƙo mai koyon Hausa ba shi da mafita sai ya riƙe gida da gidaje, doki da dawaki tare. Wanda ya tara kalma dubu ba jinsi zai gane kurensa a B1, lokacin da ƙarshen kowace sifa ya dogara da jinsin da bai riƙe ba, gyara kuwa ya fi koyon farko wuya. Sai aikatau. A jimla mai zaman kanta yana wuri na biyu, amma bayan weil (saboda) ko dass (cewa) sai ya koma can ƙarshe. Wani aikatau ma rabewa yake yi gida biyu: a Ich rufe dich morgen an, guntun an na ƙarshe shi ke nuna kiran waya ake nufi. Saboda haka mai saurare ya koyi haƙurin jiran ƙarshen jimla. Masu faɗuwa jarrabawar saurare da yawa suna fara rubutu ne kafin aikatau ya iso. A kuma kula da agogo: halb acht bakwai da rabi ne, ba takwas da rabi ba, kuma a ƙasar da ake rufe ƙofar ɗakin jarrabawa a kan minti wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aji awa huɗu ne a yini, kuma duk 'yan ajin baƙi ne masu kuskure irin naka. Abin da ya sa aka biya kuɗin jirgi yana cikin sauran awannin. Ɗalibi zai iya shekara a Jamus yana kwana da 'yan ƙasarsu, yana hira da Hausa a waya, yana sayayya da Turanci, ya dawo da Jamusancin littafi wanda ba ya fita a baki. Ba mu ce a yanke zumunci ba. Masallaci da 'yan uwa su ne ke riƙe mutum a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma. Amma a nemi ɗaki a gidan haɗaka da Jamusawa, a shiga ƙungiyar ƙwallo ko wasannin jami'a, a mayar da waya Jamusanci, a roƙi mai kanti da ladabi ya ci gaba da Jamusanci ko da ya ga ana fama. A yi wa kowane babba da kowane ma'aikaci Sie, wato "ku" na girmamawa, har sai shi da kansa ya ba da izinin du, wato "kai" ko "ke" na sabo. A karanta bayan kowane ƙunshin abinci, ana koyo ana kuma kiyaye addini: Schwein alade ne, Speck da Schinken galibi naman alade ne, Gelatine kuma sai an bincika. Sannan akwai wata dama da ta keɓanta da mu. Cibiyoyin harsuna na jami'o'i suna haɗa mutum biyu su yi musayar harshe, rabin lokaci da wannan, rabi da wancan, ana kiran tsarin Tandem. Ana koyar da Hausa a sassan nazarin Afirka na jami'o'in Hambug da Leipzig da Frankfurt da Humboldt ta Balin, kuma ɗalibansu ba kullum suke samun Bahaushen da za su yi hira da shi ba. Wanda ke ɗaya daga cikin garuruwan nan ya je sashen ya gabatar da kansa.

Ƙarshen tafiyar jarrabawa ce. Akwai jarrabawar DSH, wadda kowace jami'a ke shirya tata da kanta. A rubuce ana gwada saurare, da karatu, da ginin jimlolin ilimi, da insha'i na kusan kalma 250, sannan a yi ta baka. Kashi 57 cikin 100 DSH-1 ne, 67 DSH-2, 82 DSH-3. Galibin fannoni DSH-2 suke nema, wasu jami'o'i kan nemi DSH-3 a likitanci. Sakamakon da ya fi ƙasa tsakanin rubutu da baka shi ake ɗauka, don haka gwanin nahawu mai nauyin baki yana iya tashi da DSH-1. A tabbatar kuma DSH ɗin jami'ar tana da rajista a majalisar shugabannin jami'o'i ta HRK, in ba haka ba wata jami'ar na iya ƙin karɓarta. TestDaF kuwa iri ɗaya ce a ko'ina, sassa huɗu, ana son TDN 4, wato mataki na 4 a ma'aunin sakamakonta, a kowanne. In sashe ɗaya ya faɗo 3, yawanci sai an sake duka. Sashen maganarta da kwamfuta ake yi, agogo na tafiya, na kusa da kai ma yana tasa maganar, saboda haka a yi atisaye cikin hayaniya. Akwai kuma telc C1 Hochschule da jami'o'i ke karɓa. A dukkansu sukan kawo jadawali ko zanen alƙaluma a ce a bayyana shi sannan a kawo hujja. Wannan fasaha ce da ake koya daban, a ware mata mako shida na ƙarshe.

A yi lissafin lokaci daga baya zuwa gaba. Zangon hunturu yana farawa a Oktoba, ana rufe nema a yawancin jami'o'i ranar 15 ga Yuli. Na bazara yana farawa a Afrilu, ana rufewa 15 ga Janairu. Sakamakon TestDaF yakan ɗauki makonni kafin ya fito, don haka mai son Oktoba ya zauna jarrabawa tun wajen Afrilu ko Mayu, ya bar wa kansa sararin sakewa. Daga B1 zuwa C1 tare da shirin jarrabawa a ware wata shida zuwa takwas. Ke nan ya kamata ya kasance a aji a Jamus tun Satumba ko Oktoba na shekarar da ta gabata, da takardar B1 a hannu tun kafin ya shiga layin biza.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba 'ya'yanmu sa'a.

Naku,
Wasu malaman Jamusanci da masu ba ɗalibai shawara